Kangayen Kano: a bar su su ruɓe ko a ba masu kuɗi su gina?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah ba da rigar jam'iyya ba. Duk wanda ya zaga Bompai ko Sharada ko Challawa ya san yadda tsofaffin kamfanoni suka koma kango, rufi ya yaye, ciyawa ta fi mutum tsayi, sai maigadi ɗaya da akuyoyinsa. A cikin gari ma haka, gine-ginen gwamnati nan da can an kulle an watsar. To amma da zarar an ce wani ɗan kasuwa ya karɓi wuri zai gyara ko zai gina shaguna sai gari ya ɗauka an sayar, an cinye, an raba. Ni tambayata, me muke so ne? Kangon muke so ya zauna har abada ko kuwa mutanen da ke karɓa ne ba mu yarda da su ba? In kuma rashin yarda ne, me za su yi mu yarda?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni dai kango ba abin so ba ne wlh. Akwai wani a bayan layinmu ya fi shekara goma a haka, yanzu nan ne matattarar 'yan shaye-shaye, magariba na yi ba mai barin 'yarsa ta bi ta wajen, ga bola ga sauro. Ko wa zai zo ya gina ni ina maraba da shi, ko shagon sayar da gawayi ne ya fi wannan

Baba Tsohon Ma'aikaci:
'Yata, na ji ki kuma da gaskiyarki. Amma kalmar nan "ko wa zai zo" ita ce ta kai mu inda muke. Ku yaran yanzu ba ku ga Otal ɗin Daula a lokacinsa ba. Tun zamanin Audu Bako aka gina shi a kan titin Murtala Muhammad, da kuɗin jama'a, baƙin gwamnati nan ake sauke su, ga bishiyoyi ga fili. Ba rana ɗaya ya mutu ba. An daina gyara, an daina fenti, famfo ya lalace an bar shi, har ya kai matsayin da in an ce za a bayar da shi mutane za su ce to ai gara. Haka Gidan Sa'adu Zungur na kamfanin Triumph, da Abubakar Rimi ya kafa a 1980, inda ake buga Albishir da Alfijir ta ajami. An rufe jaridar a 2012, daga baya wurin ya koma shaguna. Abin da nake so ku lura, kango ba daga sama yake faɗowa ba, akwai wanda aka ba amanar kula da wurin bai kula ba, kuma ban taɓa jin an tuhumi kowa a kan haka ba. Sai dai a zo ƙarshe a ce mana wuri ya lalace a bayar.

Ɗan Fagge:
Baba Allah ya ƙara girma, na yarda da wannan. Amma yanzu da ya riga ya lalace fa? Gwamnati ba ta iya gudanar da otal, mun gani a ko'ina. Ko na Bagauda ai sai da aka mayar da shi makarantar horar da lauyoyi sannan ya yi amfani

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Yauwa, ka kawo misali mai kyau da bakinka. Bagauda daga hannun jama'a ya koma hannun jama'a, yaranmu na karatu a ciki. Wa ka ji ya yi ƙorafi?

Mai Bulo:
Jama'a ku bar ni in yi magana a matsayina na wanda ke cikin harkar, ƙaramin mai gini ne ni ba babba ba, nakan karɓi tsohon gida ko kango in gina shaguna a ƙasa ɗakuna a sama mu raba da masu wurin. Gsky ana mana kuɗin goro. Duk wanda ya ɗora bulo a garin nan sai a ce ɓarawon fili ne, alhali yawancinmu kangon magada muke karɓa, gida ne uba ya rasu ya bari 'ya'ya goma sha, babu mai kuɗin gyarawa babu mai yarda a sayar, shekara da shekaru katanga na zubewa kan maƙwabta. Mu ne muke zama da su ɗaya bayan ɗaya har da wadda ke aure a wani gari, mu kawo mai unguwa, a rubuta, mu zuba kuɗinmu. Kuma ku tuna buhun siminti da muke saye ƙasa da dubu biyar a farkon 2023 sai da ya haura dubu goma a 2024, rodi ma haka, ka yi lissafi da mutane a kan farashi ɗaya kafin ka kai linta komai ya ninka, in ka tsaya a ce ka gudu da kuɗi in ka nemi ƙari a ce ka cuce su. Ba na cewa babu macuta a cikinmu, akwai su sosai, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Hajiya Mai Atamfa:
Alhaji Mai Bulo ban ce kai ba, amma bari in gaya maka abin da ya sa mutum irina ba zai sake ba mai gini kuɗi kafin ya ga ƙofa da makulli ba. Wani ya zo mana da zane a takarda mai sheƙi, bene hawa uku, har da wurin ajiye mota da banɗaki na mata daban, ya ce wanda ya biya rabi yanzu shi ke da shagon ƙasa na bakin titi. Na sayar da sarƙata da 'yan kunne na haɗa da kuɗin adashi na ba shi, ya ba ni rasit mai hatimi. Da aka zo rabo shagon da aka nuna min a zane ashe mu uku aka sayar wa. Wurin ajiye motar kuwa shaguna aka yanka a ciki, banɗakin ma shago ya zama, hanyar da aka ce mota za ta shiga yanzu ko mai kura da ƙyar yake wucewa. Ni aka tura can sama ƙarshen lungu inda ko mai neman bashi ba ya hawa. Da na yi magana sai aka ce Hajiya ki yi haƙuri ki karɓa ko ki jira a mayar miki da kuɗinki in an samu. Wa zan kai wa ƙara? Rasit ɗin ko lambar shago babu a jiki

Maman Ilham:
Innalillahi. Hajiya Allah ya mayar miki da alheri

Mai Bulo:
Hajiya wlh wannan zalunci ne kuma irinsu ne suke ɓata mana suna. Allah ya saka miki

Injiniya:
Abin da Hajiya ta faɗa na yanka shaguna a wurin mota da hanya, shi ne babbar cutar, ya fi ma cin kuɗin mutum ɗaya illa don yana taɓa kowa. Zanen da ake kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a sa hannu daban, abin da ake ginawa a ƙasa daban. Mai gini yana lissafin kowane taku na fili kuɗi ne, to magudanar ruwa ba ta kawo haya, hanyar motar kashe gobara ba ta kawo haya, sai a haɗiye su. Ku tuna ambaliyar Kantin Kwari a daminar 2022, ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa diloli na atamfa da shadda da yadi, 'yan kasuwar da kansu suka riƙa nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. A ƙarshen watan Agustan 2022 ɗin dai bene ya rufta a titin Beirut ana cikin gininsa, mutane na kasuwanci a ƙasa. Ga kududdufai da ake cikewa da shara a yanka fuloti, alhali nan ne ruwan unguwa ke taruwa tun kaka da kakanni, ka cike shi ruwan ba zai fasa zuwa ba sai dai ya shiga ɗakin wani. To mutumin da ya ga wannan da idonsa in ka ce masa za a raya kango, abin da yake ji a kunnensa shi ne za a toshe masa lambatu

Abban Sadiq:
Duk wannan zagaye-zagaye ne. Gwamnatin da ta wuce ta rabar da filayen jama'a, filin idi, makarantu, jikin badala, har maƙabarta ba a bari ba. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya zo ya rushe, kuma tun kafin a rantsar da shi ya fitar da sanarwa a watan Maris 2023 cewa duk mai gini a filin gwamnati ya dakata. Wanda ya ci gaba shi ya jawo wa kansa. Ni ban ga abin tausayi ba

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana ka iya bakinka. Ka san su waye a cikin shagunan filin idi? Ba manyan da suka karɓi alokeshin ba ne, su tuni sun sayar sun ƙara gaba. Wanda rusau ya samu shi ne na uku ko na huɗu a layi, mai sayar da gwanjo da takalma da ya tara shekara da shekaru ya sayi rumfa ɗaya, da takardar gwamnati a hannunsa. Na san wadda marayu take riƙo da hayar shago ɗaya a wajen. Da gari ya waye ko rodin ba ta samu ba yara sun kwashe

Abban Sadiq:
Hajiya ki gafarce ni ban yi nufin raina kowa ba. Amma filin sallar idi fa? Ya za a yi a kewaye shi da shaguna a ce daidai ne

Hajiya Mai Atamfa:
Ban ce daidai ne ba. Cewa na yi wanda ya yanka ya sayar yana gidansa yana shan iska

Admin:
Jama'a a yi haƙuri a bar sunan jam'iyya da na 'yan siyasa in ba dole ba, kun san dokar gidan nan. Barista kana kusa? Muna buƙatarka a nan

Barista:
Ina nan ranka ya daɗe, ina karantawa ne. Bari in ɗan yi tsawo ku yi haƙuri.

Tushen abin yana cikin dokar amfani da ƙasa ta 1978. Dokar ta ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, amma a matsayin amana, ya riƙe ta don amfanin jama'a. Shi ke ba da shaidar mallaka a birni, kuma shi ke da ikon soke ta in akwai buƙatar jama'a da ta fi ƙarfi, da sharaɗin a ba mutum sanarwa kuma a biya shi diyyar abin da ya gina. Wato alƙalami ɗaya ne ke bayarwa ke karɓewa. In wanda ke riƙe da alƙalamin ya bayar a ɓoye, na bayansa zai iya zuwa ya ce ba a yi daidai ba, shi kuma in ya karɓe da katafila cikin dare ba sanarwa ba sauraro, kotu za ta ce shi ma bai yi daidai ba. Abin da ya faru kenan. An fara rusau a farkon Yunin 2023 da benen filin sukuwa a Nasarawa, aka bi da ginin da aka yi a Daula da na sansanin alhazai da shagunan filin idi. Masu shagunan idi suka je babbar kotun tarayya a Kano, a watan Satumba kotu ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya a Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3. Kamfanin da ya yi aikin Daula shi ma kotu ya nufa, yana cewa yarjejeniyar haɗin gwiwa ya yi da gwamnati.

Yanzu ku duba lissafin. Filin jama'a ne aka bayar jama'a ba su san nawa aka karɓa ba. Aka gina da kuɗin 'yan kasuwa, aka rushe, sannan diyyar daga baitulmalin jama'a za ta fito. Sau nawa talaka ya biya kenan? Kuma ba Kano kaɗai ba, Otal ɗin Durbar na Kaduna da aka gina don bikin al'adun Afirka na FESTAC na 1977 ya shekara da shekaru a kango ana shari'a a kansa, aka rushe shi a Janairun 2020, shari'a ta ci gaba.

Ni a ganina rashin yardar nan da Ɗan Fagge ke tambaya ba wai mutane sun tsani masu gini ba ne. Ba a taɓa nuna musu takarda ba ne. Da a ce ranar da za a bayar da Daula an buga a jarida an faɗa a rediyo, ga wuri, ga ƙimar da masana suka yi masa, duk mai so ya kawo tayi, a buɗe tayin a gaban 'yan jarida, a ce wane ya ci, zai biya kaza, gwamnati na da kaso kaza, bayan shekara kaza wuri zai dawo hannun jiha, majalisa ta amince, to wace gwamnati ce za ta zo ta sa katafila a kai? Ko ta so ba za ta iya ba don mutanen gari ne za su tare ta. Amma abin da aka ƙulla a ɗaki mutum huɗu, ranar da za a rushe shi mutum huɗun nan ne kawai za su yi kuka da hujja, sauran gari kallo za su yi, wasu ma da murna.

Ɗan Fagge:
Barista Allah ya ƙara basira. Wato har shi mai ginin, bayyana yarjejeniyar kariya ce gare shi

Barista:
Ƙwarai kuwa. Shi ya fi kowa buƙatarta ma, don shi ne kuɗinsa ke ƙasa

Mai Bulo:
Barista maganarka gaskiya ce amma ka san yadda abin yake a aikace. In ka ce sai an yi talla an yi tayi a fili, irinmu ba za mu taɓa samu ba, manyan kamfanonin Abuja da Legas ne za su kwashe. Kuma wlh bin takarda ta hanyar da ta dace yana cin wata da watanni, fayil ya kwanta a tebur sai ka bi shi da ƙafa, kana jira siminti na tashi. Shi ya sa wasu ke bin ta bayan gida, ba don sun fi so ba

Injiniya:
Alhaji a nan kam ban bi ka ba. Jinkirin fayil matsala ce ta gaske kuma ya kamata a gyara, amma ba hujja ba ce ta rage rodi ko cinye hanya. Sannan maganar manyan kamfanoni, ai ana iya raba aiki gida-gida a ce wannan rukunin na 'yan jiha ne masu rajista. Kuma ku kanku me ya hana ku haɗa ƙungiya mai haƙori, wanda ya sayar da shago ɗaya ga mutum uku ku cire sunansa ku sanar a rediyo? 'Yan canji da 'yan Kwari suna da shugabanni da ke hukunta nasu, ku me ya sa sai dai kowa tasa ta fisshe shi

Mai Bulo:
Wannan kam ka kama ni, ba mu da wannan haɗin kan. Zan kai maganar gaba in sha Allah

Malama Ta Gwale:
Ni wani ɓangare nake so a duba da ba a taɓo ba. Me ya sa duk kangon da aka karɓa shaguna ne? Filaza, filaza, filaza. Unguwarmu aji ɗaya yara sun fi ɗari a firamare, babu filin ƙwallo, babu ɗakin karatu, asibitin sha-ka-tafi ɗaya ne. In an tambaye mu ai za mu ce a yi ƙarin azuzuwa. Kuma shagunan nan da yawa hawa na biyu da na uku a rufe suke ba mai haya, kun ga an rushe tsohon kango an gina sabo kenan. Ga gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka kashe kuɗi aka gina suka daɗe ba kowa a yawancinsu don talaka ba zai iya saye ba. Gini ba shi ne raya wuri ba, mutane su shiga su amfana shi ne

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Malama Allah ya yi miki albarka. A da kafin a yanka unguwa sai an ware filin makaranta da na asibiti da kasuwa da maƙabarta da wurin wasan yara, yana nan a taswira. Waɗannan filayen da kuke gani babu gini ba kango ba ne, ajiya ce aka yi wa jikoki. Dole a bambanta tsohon kamfanin da ya mutu a Bompai da filin makarantar da aka bari da gangan. Na farko a nemo mai raya shi, da ma masana'anta aka mayar ba shago ba don yaranmu su samu aiki. Na biyu kuwa ko nawa aka kawo kada a taɓa.

Maman Ilham:
To Barista mu da kangon bayan layinmu fa, na wani mutum ne ba na gwamnati ba, an ce magadansa suna ƙasar waje. Haka za mu zauna da 'yan shaye-shaye?

Barista:
Hajiya ku fara da mai unguwa, ku rubuta takarda ku sa hannu ku da yawa, ya kai wa dagaci ko hakimi, kwafi ɗaya ga DPO na yankinku ɗaya ga KNUPDA. Mai unguwa yawanci ya san dangin masu wurin ko wanda ke karɓar musu saƙo. Sau da yawa in magada suka ji hukuma ta shigo sukan turo a kewaye wurin a sa ƙofa ko su ba da haya. Kada dai matasan layi su ce za su shiga su rushe ko su yanka wa kansu, nan take laifin zai dawo kanku.

Wanda kuma zai sayi shago ko gida tun ana gini, don Allah kada ya tsaya a rasit. Ya nemi ganin shaidar mallakar filin da sunan wa take, ya je ma'aikatar ƙasa a bincika masa fayil ɗin, ya ga zanen da KNUPDA ta sa wa hannu ya ƙirga shagunan da ke ciki ya gwada da abin da ake ginawa. A rubuta yarjejeniya da lambar shago da hawa da faɗinsa da ranar miƙa makulli da abin da zai biyo baya in an saɓa, da shaidu. Kuɗi kuma kashi-kashi ta banki, wani in an fito da fandisho, wani in an zuba dakin, sauran ranar karɓar makulli. In asalin filin na makaranta ne ko asibiti ko masallaci ko jikin badala, ko wace takarda aka nuna maka ka riƙe kuɗinka.

Hajiya Mai Atamfa:
Barista ni da rasit ɗin nawa ba lamba, akwai abin da za a iya yi ko shi kenan?

Barista:
Akwai Hajiya. In ta banki kika tura kuɗin ki ciro bayanan asusunki na watan, ki nemo sauran mutum biyun da aka sayar wa shagon ku haɗa kai, ki adana zanen da ya ba ki da duk saƙon da kuka yi a waya, kada ki goge ko ɗaya. Ki turo min hoton rasit ɗin ta akwatin sirri in duba kwanan watan tukuna, don irin wannan ƙarar tana da wa'adi.